Doguwar Igiya Tun Haƙoran Nono Ba Su Zuba Ba

Ni mai walda ne, kuma a sana'ata ba yadda za a yi ka guje wa boris, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen nan da ke sa abu juyawa sumul. Amma har yau in aka kawo mini aikin da yake da boris a ciki, ƙofar gareji ko keken tura kaya, na juya shi da yatsa na ji wannan 'yar ƙarar tasa, sai gabana ya faɗi, in tsaya cak. Masu aikin sukan zaci wani aibi na gano a ƙarfen. Ba na ce musu komai. To me zan ce? In ce wani doki na tuna?

Gidanmu yana unguwar Nima a birnin Ankara, can cikin lungun da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Kakana, wanda ya yi saje a 'yan sandan doki tun zamanin Turawa, shi ya kafa gidan, ya bar ɗan fili a baya mai turke biyu. Ɗakuna suka cika da 'yan haya, unguwa ta matse mu ta ko'ina, amma wannan 'yar bargar ba wanda ya isa ya taɓa ta. A cikinta babana ya tashi. Ya yi wa masu kuɗin Ankara aikin barga shekara da shekaru, masu dawakin tsere da masu na ƙwallon doki, har ciwon suga ya cinye masa ido ya dawo gida ya zauna. Sunan kakan nan aka sa mini, don haka Baba ba ya kama sunana. Saje yake ce mini.

Goɗiya ɗaya ta rage mana a lokacin, kuma ta haihu a shekarar da idon Baba ya ƙarasa rufewa. Duƙushi ne ja mai farin goshi, ƙafafu zaro-zaro. Baba bai taɓa ganinsa ba, da hannu ya san shi. Ranar da ya fara shafa shi tun daga kunne har wutsiya, sai ya ce, "Saje, wannan shi ne na ƙarshe da zan hora. In Allah ya kai mu, ni zan riƙe masa doguwar igiya."

Ga wanda bai san harkar ba, doguwar igiya ita ce karatun doki kafin a ɗora masa sirdi. Mutum zai tsaya a tsakiya riƙe da igiya mai tsawo, doki yana zagaya shi, yana koyon tafiya da sassarfa da tsayawa da jin murya kawai. A wurin Baba wannan shi ne daɗin aikin gaba ɗaya. Hawa, in ji shi, kowane ɗan iska yana iya yi.

Sai dai Baba yana da tsarinsa, kuma ba ya tsallake ko ɗaya. Da farko hannu ne kawai. A shafa kunne, a shafa ciki, a ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya a ajiye, har dabba ta daina ɗaukar hannun mutum abin tsoro. Daga nan ragama. Daga nan tafiya. Kowace safiya bayan an sauko daga masallaci ina gaba ina jan goɗiya, duƙushi yana bayanta, Baba yana gefensa da tafin hannu a kafaɗarsa, ba ka gane wa yake yi wa wani jagora. Mu bi ta gaban masu koko da ƙosai, mu haye katakon da aka gitta a kan kwata, mu fita babban titi inda direbobin tirotiro, motocin hayar nan, suke danna hon kamar an aiko su, mu gangara har Mamobi mu dawo. Duk wannan karatu ne, don dokin Nima dole ya saba da lasifika da babur da ƙaurin gasasshen nama.

"A miƙe," haka Baba yake cewa. "Ƙarami tafiya a miƙe yake yi. Ba ya zagaye."

Ni kuwa da bakina da ba ya shiru, nakan ce, "Haba Baba, dubi girmansa fa, ya kusa kamo uwarsa."

"Tsoka ka gani. Ƙashin gwiwarsa bai gama haɗewa ba, da taushi a ciki. Ka sa shi zagaye yanzu, nauyinsa duka a ƙafar ciki zai sauka."

Ma'auninsa haƙori ne. Sai haƙoran nono na gaba sun zuba, wato wajen shekara biyu da rabi, sannan ake ɗauko doguwar igiya, kuma a kan yashi, a fili mai faɗi, ɗan lokaci kaɗan, a juya hagu a juya dama. Duk Juma'a kafin masallaci yakan sa babban yatsa a bakin duƙushin ya lallatsa, ya goge a rigarsa ya ce, "Da saura."

Muna nan sai ciwon ya sauka a ƙoda. Aka fara kai Baba wankin ƙoda Litinin da Alhamis, yayata ce take ɗaukarsa a tasi tun da safe sai bayan azahar su dawo. Wata rana na bi su, likita ya ja mu gefe ni da Yaya ya ce mu riƙa yi wa tsohon abin da ransa yake so. Yaya ba ta son magana a dunƙule, ta matsa masa, ya ce watanni yake gani, ba shekaru ba. A hanyar dawowa ina gaban tasi ina lissafi da yatsu. Duƙushi yana da shekara ɗaya da wata uku. Sauran fiye da shekara kafin haƙori ya motsa. Na juya na dubi Baba a baya, ya jingina kai a kafaɗar Yaya yana barci, wuyansa ya zama kamar na kaza. Wallahi a nan cikin tasin na yanke shawara, tun ba mu wuce Kokomlemle ba.

Ina da wani aboki da yake ba masu yawon shaƙatawa hayar doki a bakin teku. Na je masa da maganar ba don shawara ba, don dai in ji wani ya ce na yi daidai. Ya kuwa ce. "Cale, abokina, tsoffin nan sun cika jan rai. Mu a nan da ya yi shekara muke sa masa igiya." Ya nuna mini bidiyo a waya, wata Baturiya tana juya doki a wani fili. Na kalli igiyar, na kalli bulalar. Ban kalli faɗin filin ba, ban kalli yashin ba, ban kuma tambayi shekarun dokin ba. Ban dubi ƙafafun dawakin abokina ba ma, alhali ga su nan tsaye a gabana.

Matsalar ita ce wuri. Bakin teku ya yi wa Baba nisa, ko zaure da ƙyar yake kaiwa. A Nima kuwa ina fili? Ko na ƙwallo sai an yi faɗa. Abin da muke da shi tsakar gida ne, siminti, taku tara faɗinsa in an kwance igiyoyin shanya an janye randuna. Kuma Baba ba shi da ƙarfin riƙe dabba in ta fizga. To a nan ne wayona ya motsa, Allah wadaran wannan wayo. Na samo bututun ƙarfe mai kauri, na ciro boris daga ƙafar wata matacciyar tirotiro, na ɗaura masa zobe a kai yadda igiya za ta riƙa juyawa ba ta naɗewa. Na fasa simintin tsakiyar gida na binne gurbi mai marfi, yadda zan dasa ƙarfen in cire kafin su dawo. Tsayinsa ya fi mutum a zaune, don Baba ya zauna a gindinsa a kujera, igiya tana wucewa ta samansa, shi dai ya ɗora hannu ya ba da murya. Da na gama na juya zoben da yatsa, ya yi ta juyawa shi kaɗai sumul. Na yi alfahari da aikin nan, ba zan yi ƙarya ba.

Litinin da Alhamis, da tasi ta tashi da su sai in rufe shago in dawo gida. Ranar farko duƙushin bai gane abin da nake so ba. Ya saba bin mutum, sai ya riƙa zuwa wurina yana shinshinar hannuna. Na kora shi da bulala. Ban dake shi sosai ba, ina dai kaɗa ta a bayansa, amma shi da bai taɓa jin bulala ba a rayuwarsa, ya zabura ya shiga zagaye, jikinsa a karkace, kofato yana zamewa a siminti, boris yana ƙara a sama. Ta hagu ya yarda ya bi. Da na juya shi dama sai ya ƙi, ya miƙe da ƙafa biyu. Na ce oho, ba ni da lokacin gardama, a gyara dama daga baya. Haka muka yi ta bin hagu, hagu, hagu, har sai ya jiƙe sharkaf.

Akwai wata tsohuwa mai koko a cikin 'yan hayarmu, ta fi shekara talatin a gidan. Wata Alhamis ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Ɗan nan, dabbar nan jiri take ji. Babanka ya sani kuwa?"

Na ce, "Hajiya, ki ji da kokonki mana. Tun yaushe kika zama sarkin barga?"

Ta ja labulenta. Kowa a gidan ya san bakina, don haka ba wanda ya kai wa Baba labari. Da ma sun kai.

A wannan lokacin wankin ƙoda ya riga ya kayar da Baba, ya daina fita tafiyar safe, ya daina zuwa barga. Daga kwance yake tambaya, "Yaya ɗana?" In ce lafiya ƙalau. Ranar Juma'a ya ce in duba masa bakin, in je in dawo in ce, "Da saura, Baba," shi kuma ya gyaɗa kai. A mako na huɗu na lura in duƙushin yana tsaye yakan tura ƙafar hagu ta gaba ya sassauta ta. Na gani da idona. Na kwara mata ruwan sanyi na ce gajiya ce. Na ci gaba, don ya fara jin murya, in na ce tsaya ya tsaya, kuma ina ganin sauran kaɗan.

Wata Asabar da hantsi Baba ya tashi da ɗan ƙarfi har ya sha koko. Na ce yau ce. Na dasa ƙarfen, na ajiye kujera, ni da Yaya muka kamo shi muka zaunar. Yaya ba ta san komai ba, tana ta tambaya da ido. Na ce, "Baba, miƙa hannunka sama." Ya laluba bututun, ya kai ga zoben, ya juya shi. Ya sake juya shi. Na ɗauka mamaki ne. Na fito da duƙushin, na ɗaura igiya, na ɗora hannun Baba a kanta, na yi wa duƙushin ƙara da harshe irin yadda na koya masa. Ya tashi da sassarfa.

Zagaye ɗaya ya yi cikakke. Na biyun bai kai rabi ba Baba ya ce, "Tsayar da shi."

"Baba, ai yanzu ya fara, bari ka ji yadda..."

"Na ce ka tsayar da shi. Tsoron sauke ƙafar hagu yake yi."

Na tsayar. Tsohon da ba ya iya miƙewa sai an kama shi, ya zame daga kujera ya durƙusa a siminti da farar rigarsa, ya ce a matso masa da dabbar. Ya bi ƙafar da tafin hannu daga kafaɗa zuwa ƙasa. Da ya kai gwiwa sai ya tsaya. Duƙushin ya ɗan janye, Baba ya yi masa magana a hankali, ya sake riƙewa. Ya taɓa ta dama, ya dawo ta hagu.

"Daga ƙarfen nan zuwa bango taku nawa ne?"

"Huɗu da rabi."

"Tun yaushe?"

"Mako bakwai."

"Hannu ɗaya kake juya shi?"

"Hannu ɗaya."

Bai ce Saje ba ko sau ɗaya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, amma shirun nan sai ya tunzura ni, zuciyata ta hau, na ɗaga murya a kan ubana a gaban 'yan haya. Na ce, "Don kai fa na yi! Kai ka ce kana so ka riƙe masa igiya! In jira haƙori, in jira haƙori, kai kana da lokacin jiran haƙori ne?"

Yaya ta ce, "Innalillahi! Kai, rufe mana baki!"

Baba bai ɗaga kai daga ƙafar ba. Ya ce, "Na ce maka sauri nake yi? Abin da likita ya gaya muku a ɓoye, ni jikina ya riga ya gaya mini. Na san ba zan kai ba. Duk tafiyar safen nan da muke yi, kai nake koya wa, don ka riƙe masa in lokaci ya yi."

Na kwance igiyar na mayar da duƙushin barga.

Likitan dabbobi ya zo bayan kwana biyu. Ya lallatsa, ya sa aka ja shi gaba da baya, ya ce gaɓar ta lalace tun ƙashi yana ɗanye. Zai rayu, zai taka, amma ba zai ɗauki mutum ba, ba zai yi gudu ba. Baba yana zaune yana ji, bai yi tambaya ko ɗaya ba, don ya riga likitan sani. A ranar na tuge ƙarfen na kai shago na yanka shi gunduwa-gunduwa.

Wata biyun da suka rage wa Baba a duniya, a ƙofar barga ya yi su. Ya sa aka kai masa tabarma can, cikin warin fitsarin doki da ƙudaje. Yana kwaɓa yumɓu da hannunsa yana shafa wa gwiwar, ya naɗe da tsumma, in ya bushe a wanke da ruwan sanyi a sake. Ranar da ya dawo daga asibiti ko cokali ba ya iya ɗagawa, amma sai ya ce a kai shi wurin ɗansa. Yaya ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce ya kwanta a ɗaki ya huta, ya ƙi. Ni kuwa ta daina yi mini magana sai ta kama dole. Sau ɗaya ta tare ni a zaure ta ce, "Ka ga abin da ka ja masa? Mutum yana shirin tafiya lahira ka ba shi jinya." Ban mayar mata ba, ni da ba a taɓa faɗa mini ɗaya ban rama da uku ba.

Ni nake ɗebo ruwa, ni nake riƙe ragama. Baba yana yi mini magana, kawo wannan, ɗaga wancan, ba gaba ba fushi. Wani lokaci in yana shafa yumɓun sai in ji yana ƙus-ƙus da dabbar, ba na jin abin da yake cewa. Na so in tambaya, na kasa.

Wata Laraba bayan la'asar ya ce a tara masa mutanen gida. Aka mayar da shi ɗaki, aka jingina shi da matashi. Muka cika ɗakin, 'yan haya suna bakin ƙofa. Ya bi mu ɗaya-ɗaya yana neman gafara, har tsohuwa mai koko, ya ce ta yafe masa warin barga na shekara talatin. Ta fashe da kuka ta ce ta yafe. Kowa ya nemi tasa, ya ce ya yafe duniya da lahira. Na bari sai da aka ragu, na matsa na durƙusa na kama hannunsa, busasshen yumɓu yana nan a ƙarƙashin faratansa.

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Tsawar da ka yi mini, da ƙaryar da ka yi mini ina kwance, na yafe. Tun ranar na yafe. Na san son da ya sa ka yi." Ya huta, ya ja numfashi. "Amma haƙƙin dabba ba a hannuna yake ba. Na roƙa maka iya roƙona, ban ji amsa ba. Wannan tsakaninka da shi ne, kuma za a tsayar da ku."

Ranar Asabar da rana ya cika.

Na je wurin limamin unguwarmu bayan sadakar bakwai na gaya masa komai. Ya ce in yawaita istigfari, in kyautata wa dabbar, Allah mai rahama ne. Na yarda da shi. Amma duk ranar da mai huɗuba ya taɓo tsayuwar hisabi, ni ba wuta nake gani ba, ba ma'auni ba. Jan doki nake gani mai farin goshi yana tahowa ta cikin taro a hankali, yana ɗingishi, mutane suna ba shi hanya, kuma na san wurin wa ya nufa. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, ni ƙato da furfura a gemu.

Yana nan a bayan gida, shekararsa tara yanzu. Gwiwar ta kumbura ta sandare kamar ƙwallon kwakwa, in damina ta kama da ƙyar yake tashi. Masu sayen doki don nama sun zo sau biyu, na biyun sai da aka riƙe ni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ya guduna. Da yana cizona ko yana harbina, da na ce ana rage mini alhakin. A'a, da ya ji takuna sai ya yi 'yar haniniya ya jawo ƙafar nan ya taho.

Nakan tsuguna a gabansa in babu kowa a kusa in ce masa ya yafe mini. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Tonanci yaren mutanen ƙasar nan, na faɗa da guntun Larabcin da na iya. Jiya ma na sake faɗa. Ya sa hanci a aljihun rigata yana neman ɓawon kankana, bai samu ba, ya juya ya ci gaba da cin harawarsa.